Yadda Abdulgani Ya Yi Kiwon Ɓeraye a Mangazar Iri

A Tudun Aduwa, wani ƙauye a ƙasar Damargu, tsakanin Tanut da Balbeji, in ka hangi mutum yana tafe ƙirji gaba, makulli na reto a wuyansa bisa igiyar fata kamar laya, ba sai ka tambaya ba, Abdulgani ne. Makullin na mangazar gari ne, ɗakin da kowane gida ke kai irin shukarsa bayan girbi, a ɗinke buhu, a rufe, sai ranar da ruwan farko ya sauka. Shekara shida makullin na wuyansa. Wasu sun ce don gidansa ya fi kusa aka ba shi, amma shi a wurinsa sarauta ce. Da shi yake wanka, da shi yake barci. Ranar sunan 'yarsa Fa'iza ma sai da ya fito da shi saman riga don hoto ya kama shi.

To, bayan an gama kai hatsi rumbu, sai aka aike shi Damagaram taron kwana uku kan yadda ake adana iri. Ranar farko ya ɓata ɗaki. Maimakon na masu mangaza, ya faɗa na likitoci. Ya ga kujerun da laushi, ana kuma raba lemo mai sanyi, ya ce a ransa ai nan ne, ya gyara zama har taro ya watse. Wata likita, Dakta Zuhaira, ita ta yi bayani, rabi da Faransanci rabi da Hausa. Ta ce cikin kowane mai rai cike yake da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, mikurob, abin da ka ci shi suke ci. Ta ce in uwa ta daɗe kan abinci iri ɗaya, wasu mikurob ɗin sai su ɓace, ɗa ya gaji ragowar, jika ya gaji ragowar ragowa. Ta ce da ɓeraye ake gwadawa: a raba su gida-gida, kowane gida da abincinsa, a bi su har jikoki.

Abdulgani ya dawo da farar rigar gwanjo mai aljihu uku, da kaye, wato littafin rubutu, da bik, wato biro, ja. Ya tarar da majalisa a gindin aduwa, Idi da Attahir na kan sana'arsu. Idi manomi ne, ɗan gari tun kaka da kakanni. Attahir makiyayi ne, danginsa na can wajen Tanhiya da raƙuma, shi ya kafa bukka bakin gari saboda rijiya. Abokan wasa ne, shekara ashirin suna gardama ɗaya ba wanda ya gaji.

"Ku mutanen fura," in ji Attahir, yana ɗaga butar shayi sama, "ciki kamar ganga, amma kafin azahar kun fara hamma."

"Mu dai muna da cikin," in ji Idi. "Kai fa? In ka juya gefe sai a ce raƙumi ya taho ba kowa a kansa. Kuma cuku abinci ne? Takalmi ne aka yi da nono."

Abdulgani ya yi gyaran murya, ya gyara wuyan farar riga.

"Jahilci dai ciwo ne. Ai ba ku ke cin abincin ba. Mikurob ke ci."

"Wane ne kuma haka?" in ji Idi. "Baƙo ka zo mana da shi?"

"Suna cikinka yanzu haka da kake zaune. Sun fi mutanen Damagaram yawa."

Idi ya shafa tumbinsa a hankali. "Shi ya sa tuwo ba ya isa ta. Ashe ni kaɗai ke noma, birni guda na ci."

Aka kwashe da dariya, amma Abdulgani bai yi ba. Ya miƙe tsaye, ya ce kafin ruwa ya sauka zai raba wannan gardama da ilimi. Randa uku zai tanada. Ɓerayen ta farko hatsi zalla, su ne mutanen Idi. Na ta biyu nono da cuku, mutanen Attahir. Na ta uku makaroni da mai, 'yan birni, don kada a ce an bar su. Uwa ta haifi ɗa, ɗa ya haifi jika, shi kuma ya duba kashin jikokin ya ƙidaya mikurob. Wanda nasa suka fi yawa ya ci gardama, shi da zuriyarsa.

Maigari Abdulmajid, tsoho mai tsadar magana, yana gefe bisa buzunsa yana jan carbi.

"Abdulgani, adana irin da aka aike ka fa? Me aka koya muku?"

"Ranka ya daɗe, wannan ƙaramin karatu ne. Na tsallake shi."

"To, madalla. Ranar da ruwa ya sauka, in iri na nan yadda aka kawo shi, makulli naka ne. In ba haka ba kuwa..." Bai ƙarasa ba, ya koma kan carbinsa.

Washegari Abdulgani ya sa aka yi shela yana neman ɓeraye masu rai. Tun da aka kafa Tudun Aduwa ba a taɓa amsa kira da sauri irin wannan ba. Mata suka yi layi da tukwane a rufe. Tsohuwa Tata, mai tuyar ƙosai, ta kawo bakwai, ta bi shi da addu'a: "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya kawo mana mai neman kunama ma."

A gida ya fara. Ya kwashe randunan matarsa Salamatu, ya zubar da ruwan, ya kife bakin kowace da rariyarta ta tankaɗe. Kwana uku ɓerayen suka cinye katakon rariya ɗaya, suka shiga ɗaki, suka sami zanen da ta ajiye don biki, suka yi masa tagogi.

Salamatu ta fito da zanen ta shimfiɗa a gabansa.

"Baban Fa'iza, ko su ko ni."

Ya dubi randuna, ya dube ta, ya sake duban randuna.

"Au, tunani ma ka tsaya yi?"

"A'a, ina duba inda ya dace da su ne. Wuri mai sanyi, mai ƙofa, wanda ba hayaniyar mata." Sai hannunsa ya kai kan makulli, fuskarsa ta washe. "Mangaza!"

Salamatu ta saki zanen. "Ɗakin iri za ka kai ɓera? Ka ba kura ajiyar nama ke nan."

"Ke ba ki gane ba. Waɗannan ba ɓerayen banza ba ne, ɓerayen bincike ne. Suna da tsari."

"Su sun san da haka?"

Ya ɗora randuna a amalanke ya tura su mangaza, ya jera su tsakanin buhunan iri, ya samo sababbin murafu na tukunya ya huda su, ya rubuta LABO, wato ɗakin bincike, da gawayi a jikin ƙofa. Daga ranar ya hana a kira shi Abdulgani zalla, sai Dakta.

Sai dai mangazar tana da ma'aikaciya tun kafin shi: wata tsohuwar kyanwa mai ido ɗaya, wadda tsawon zamanta ko ƙwayar hatsi ba ta taɓa ɓata ba. Ranar farko, yana buɗe randa don zuba makaroni, ta miƙa hannu ta ɗauke 'yan birni biyu. Dakta ya sa ta a kwali, ya fita bakin hanya, ya ba wani direban babbar mota mai zuwa arewa. Da aka tambaye shi, ya ce an yi mata canjin wurin aiki zuwa Agadas.

Aka kwana arba'in. Mutanen Attahir suka haihu, 'yan birni suka haihu, randar hatsi shiru. Dalilin ba wani mai nisa ba ne, duk maza ne a ciki, Dakta bai san ta inda ake dubawa ba. Shi dai ya buɗe kaye a majalisa ya karanta da babbar murya: "Sakamako na farko. Hatsi na hana haihuwa."

Attahir ya ajiye kofin shayi don kada ya ƙware. "Allah sarki, Idi. Ashe abin da ke damunku ke nan, kuna ɓoyewa."

"Ni da 'ya'ya goma sha ɗaya!" Idi ya daka tsalle. "A kan me na haife su, a kan cuku?"

"Ilimi ba ya kallon fuska," in ji Dakta, ya rufe kaye.

Duk Juma'a bayan masallaci Dakta kan buɗe labo don masu ziyara. Wannan Juma'ar Idi ya zo da babbar riga, hannu ɗaya a aljihu, yana tafiya a karkace yana ɗan cije leɓe. Dakta na can yana yi wa jama'a bayanin mikurob, Idi ya ɗaga murfin randar hatsi ya zazzage matan ɓera uku da ya kamo a rumbunsa, kowace ciki har ƙasa. Kwana biyar aka wayi gari randa ta cika da jajayen 'ya'ya. Dakta ya soke rubutun farko ya gyara: "Hatsi na jinkirta haihuwa, amma in ta zo da gayya take zuwa."

Kafin zafi ya kankama randa uku sun yi kaɗan. Dole kuma a raba uwa da ɗa, ɗa da jika. Dakta ya kawo kwalaye, ya kawo jarkokin roba ya yanke musu baki, ya kawo ƙorai ya kife. Labo ya cika, har ya fara manta wane kwali ne na wa.

"Dabbar da ba ta da shaida ta kowa ce," in ji Attahir. "Mu ko ɗan akuya sai mun tsaga masa kunne."

Kunnen ɓera bai isa tsagawa ba, don haka Dakta ya sato lallen Salamatu da shuninta. Mutanen hatsi jar wutsiya, mutanen nono shuɗiya, 'yan birni ya bar su haka, ya ce dama ba su da asali. Da aka sake haihuwa sai ya zo majalisa ransa a ɓace.

"Akwai matsala. Uwa ja, 'ya'ya sun fito ba ja."

"Ko ɗan raƙumi, Dakta, sai an sa masa tasa wutar," in ji Attahir. "Ba ya fitowa da tambarin uwarsa."

"Ka bincika dai," in ji Idi. "Wataƙila uban ɗan birni ne."

Haka ya koma yana kama su ɗaya-ɗaya yana shafa musu launi, su kuma suna biyan sa da haƙori. Yatsunsa goma duk suka sha tsumma. Hannun dama ja har gwiwa, na hagu shuɗi. In ya wuce rijiya mata sai su fara guɗa. Tata ta leƙo daga bayan kaskonta ta ce, "Amarya, yaushe ne ɗaurin auren? A faɗa mana da wuri mu jiƙa wake."

Da bazara ta yi tsanani, nono ya riƙa tsami kafin hantsi. Mutanen Attahir suka rame, suka yi zuru-zuru, wasu suka mutu. Yanzu Idi ke da baki. Kullum sai ya tare Attahir da gaisuwar ta'aziyya, hannu a ƙirji: "Ya haƙuri? Na ji jiya ma an yi rashi a dangi."

Attahir ya haɗiye tsokanar har sau uku. Ranar kasuwar Tanut ya zaga bayan rumfar mahauta, ya sa aka kama masa gafiya, ƙatuwa, mai gashin baki kamar tsohon soja. Ya goga mata bakin rawaninsa a wutsiya har shunin ya kama, ya sa ta a jakar fata. Ranar Juma'a ya ce wa Dakta ƙishirwa yake ji. Kafin a kawo ruwa, gafiya ta zama jikar makiyaya.

Da hantsin Asabar aka ji ihu daga mangaza. Sai ga Dakta a guje, bokiti a rungume, farar riga na tashi a bayansa.

"Jika ya fito! Jama'a, jika ya fito! Ku zo ku ga aikin nono!"

Aka taru aka leƙa. Abin da ke cikin bokitin ya ɗago kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ba alamar kunya.

"Wannan ai gafiya ce," in ji Idi.

"Gafiya a ina? Dubi wutsiya. Shuɗiya ce ko ba shuɗiya ba?"

"Dakta, wannan jikan ya girmi kakarsa."

"Haka jikokinmu suke," in ji Attahir, yana hura shayi. "Da farko rama, daga baya sai a ba mu hanya."

Dakta ya zaro madubin da ya aro wurin mai gyaran rediyo, wanda ke ƙara wa abu girma. Ya shimfiɗa kashin jikan hatsi da na sabon jika bisa murfin kwano, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Ga su nan. Cunkus. Na nono har sun fi ƙiba."

Idi ya karɓa ya duba. "Ni dai kashi na gani. Da ƙarami ne, yanzu ya zama babba."

"Sai mai ilimi ke ganinsu."

"To ka gaishe su."

Da la'asar Dakta ya hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, ya kira Dakta Zuhaira. Ya zayyana mata komai, tun daga randa har jika mai gashin baki. Ta ce, "Tsaya, malam. A ina ka ce ka ajiye su? Mangazar me?" Nan waya ta yanke. Ya sauko ya shaida wa majalisa cewa abin ya girgiza ta har ta kasa magana.

Jikan nono bai kwana uku a randa ba. Ya ture murfi da ka, ya fito, ya bi kwalaye yana yaga su kamar mai sakin fursuna, ya haƙa rami a gindin bango. Jarkoki dama ɓeraye sun daɗe da huda su ta ƙasa. Da Dakta ya buɗe ƙofa ran Talata, sai ya ji wani sauti, ƙus-ƙus-ƙus, ta ko'ina, kamar yayyafi bisa kwano. Ya ɗaga kai, sama ba hadari. Ya duba ƙasa. Buhun da ke kusa da shi ya motsa da kansa.

Ya ja ƙofa ya rufe, ya jingina da ita, gumi na bin makullin.

Daga ranar aka soke ziyarar Juma'a. Ya ce jikoki na jego, iska ba ta da kyau a gare su. Ya shiga gari neman aron kyanwa, gida-gida, da murya ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ba shi.

"Tawa ba ta da dangi a Agadas," in ji Tata.

Ya kafa tarkon tukunya, ya kama huɗu, aka haifi arba'in. Ya jawo buhunan da ke da sauran nauyi ya jera su gaba, ya tura waɗanda suka saɓule baya. Ya zo gida ya kasa cin tuwo.

"Lafiya, Dakta?" in ji Salamatu. "Ko mikurob ɗinka sun yi yaji?"

"Bincike ne ya kai wuri mai wuya. Kwana goma kawai nake so."

Sama ba ta ba shi ko biyar ba. Ran Asabar da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, har kwari ya cika. A Damargu kuwa kowa ya sani, ruwan farko in ya jiƙa ƙasa ba a cewa sai jibi. Danshi baƙo ne, in ba ka tare shi da safe ba, da yamma ya yi gaba.

Gari na wayewa duk Tudun Aduwa na ƙofar mangaza. Maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoran zuba iri, jakuna a ɗaure. Dakta na tsaye ya ba ƙofa baya, ya baza hannuwa, ɗaya ja ɗaya shuɗi.

"Jama'a, a yi haƙuri zuwa Alhamis. Ranar ce ranar sakamako."

"Sakamakon uwar wa?" wani ya ce daga baya. "Buɗe mana!"

"In aka buɗe yanzu aikin wata shida ya lalace. Duniya na jiran wannan bincike."

"Duniya ta jira," in ji Idi. "Gonata ba ta jira."

Taro ya dare, Maigari ya ƙaraso da sandarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Abdulgani."

"Dakta, ranka ya daɗe."

"Abdulgani. Buɗe."

Ya sunkuya, don igiyar ba ta kai ya cire ba, ya sa makulli a kwaɗo da wuyansa a miƙe kamar rago a hannun mahauci. Kwaɗo ya ce ƙaras.

Abin da ya fito ba a ƙidaya shi. Jar wutsiya, shuɗiyar wutsiya, mai rabi ja rabi shuɗi, da tulin marasa asali, duk suka kwararo tsakanin ƙafafun mutane kamar an fasa tulu. Mata suka tattare zane suna salati. Jakuna suka tsinke igiya. Liman ya hau amalanke bai san lokacin da ya hau ba. Karnukan gari, da ba su taɓa ganin arziki irin wannan ba, suka rasa wanda za su bi, suka tsaya suna haushi. Can ƙarshe gafiya ta fito a hankali, ta yi ƙiba har wuya ya ɓace, ta tsaya bakin ƙofa ta dubi taro kamar mai jiran a kawo mota, sannan ta bi gindin bango ta tafi abinta.

Idi ya shiga. Ya nemo buhunsa mai ɗinkin jan zare, ya ɗaga shi da yatsa biyu. Ya girgiza. Ƙaiƙayi ya zubo, da baƙin abin nan da Dakta ke dubawa da madubi. Aka fito da sauran. Na saman tari ne kawai suka tsira, ba su kai rabi ba.

Dakta ya ga in bai yi magana yanzu ba, ba zai sake yi ba. Ya hau kan randa da ta kife, ya buɗe kaye.

"Jama'a, ga sakamako! An ba su nono, an ba su makaroni, amma da suka sami 'yanci, uwa da ɗa da jika, duk hatsi suka zaɓa. Saboda haka ilimi ya tabbatar, Idi ya ci gardama. Idi, ina taya ka murna."

Sai da mutum uku suka riƙe Idi, na huɗu ya ƙwace sungumin.

"Ku sake ni in nuna masa mikurob ɗinsa da ido! Kuma wancan ƙaton da ya fasa kwalaye, ai gafiyar Attahir ce! Shunin rawaninsa ne a wutsiyarta!"

"To, tunda an zo nan," in ji Attahir, yana gyara rawani, "a tambayi Idi yadda maza zalla suka haihu a randar hatsi. Ni a nan Damargu ban taɓa ganin haka ba, ko a raƙuma."

"Uku kawai na sa!"

"Ni ɗaya ma na sa."

Dakta ya dube su, baki buɗe. "Kun ɓata mini bincike! Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka, ba laifin tsari ba ne!"

Maigari ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya.

"Rana na hawa. A je gidan Abdulgani a buɗe rumbunsa, abin da ke ciki ya zama iri. Abin da bai kai ba, Idi ya cika daga nasa. Attahir, raƙuminka zai yi jigila gona-gona har a gama."

Aka ɗunguma. Suka tarar Salamatu ta riga su, tana tsaye gaban ƙaramin rumbunta na hatsin da ta noma da hannunta, taɓarya a kafaɗa.

"Wannan nawa ne, ko mikurob bai isa ya taɓa shi ba. Na Dakta ga shi can, babban. Ku bi a hankali da tsani, yana da ruɓaɓɓen mataki." Har ƙwarya ta ara musu.

Dakta na tsaye yana kallon cimakar shekararsa na fita dami-dami, mata na sussuka nan take a tsakar gidansa. Da rumbu ya koma fayau, Maigari ya juyo ya miƙa masa tafin hannu. Kowa ya san abin da ake nufi.

Abdulgani ya kai hannu wuya. Ƙullin shekara shida ne, ya sha wanka ya sha gumi, ya zama kamar dutse. Ya ja, ya murɗa, ya sa haƙori, a banza. Ya gwada fitar da igiyar ta ka, ta maƙale a kunnuwa. Jama'a na kallo, wani ya ce a kawo wuƙa.

Maigari ya janye hannunsa.

"Bar shi. Riƙe abinka."

Ƙirjin Abdulgani ya fara dawowa gaba. Ya dubi Idi, ya dubi Attahir, ya gyara wuyan riga. "Na gode, ranka ya daɗe. Dama na san manya su ke gane darajar..."

"Musa," Maigari ya kira maƙerin gari, "je ka ɓalle kwaɗon can. Ka sa sabo. Makullin ka kawo wa Salamatu."

Kafin azahar ta ƙulle sabon makulli a bakin zanenta, ta ɗauki ƙwaryar iri, ta miƙa wa mijinta sungumi. Suka bi hanyar gona, ita a gaba, shi a baya cikin farar riga, tsohon makulli na reto, yana shaida wa duk wanda suka gamu da shi cewa a tarihin Damargu kaf ba a taɓa karɓe makulli daga wuyansa ba.

Attahir ya wuce su bisa raƙumi da buhu biyu. Ya rage tafiya, ya leƙo.

"Salamatu, wai shi wancan na wuyansa, me yake buɗewa yanzu?"

Ba ta ko waiwaya ba.

"Bakinsa," ta ce. "Shi ne Musa bai samo wa kwaɗo ba."